Ranar da Na Je Bankin Ɗana

Ko sallama ban yi ba na faɗa ofishin manajan bankin.

"Kun kashe min ɗa da aiki! Ko gaisuwar mutuwa ba ku zo ba!"

Ya miƙe tsaye. "Allah ya jiƙansa, Mama. Amma ai tun bara ya ajiye aiki. Na yi ta roƙonsa, ya ƙi."

Ni nake goge masa farar riga kowace safiya. Ya taɓa ce min ya gaji da banki, na ce in ya bari ban yafe masa ba. Me zan faɗa wa maƙwabta?

Maigadin bankin ne ya tsallaka titi da ni, zuwa shagon wani tsohon tela.

"Nan yake wuni," in ji telan. "Ya rataye rigar banki a ƙusa, ya hau keken ɗinki yana waƙa, har sai na ce, 'Manaja, ka ishe mu!'"

Ya ƙura wa rigar jikina ido, ya share hawaye.

"Hajiya, wannan ma ɗinkinsa ne."

Ni kuwa ɗana ce min ya yi banki ne ya raba wa iyayen ma'aikata.