Muryar da Ta Tsage a Hanyar Bakori

Ranar muna dawowa daga Funtua a bas ne, ni da Inna da Baba, buhunan masara a ƙarƙashin ƙafafunmu. Muna wuce Bakori direba ya saka kaset ɗin wata tsohuwar waƙar fim da ta yi tashe. Mawaƙiyar ta ja murya sama, sai muryar ta tsage kamar mai shirin kuka.

Mota ta kwashe da dariya. Wani Alhaji a bayanmu ya ce, "Wallahi kamar an shaƙe akuya! Wa ya bar wannan ta yi waƙa?"

Ni ban yi dariya ba, don na san tsagewar nan. Haka muryar Inna take yi in tana waƙa wajen tankaɗe. Na buɗe baki, ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni. Idonta na kan ƙeyar Baba da ke zaune kusa da direba, mutumin da ba ya bari a kunna rediyo a gidanmu sai don labarai.

Alhajin ya ce, "Direba, cire mana masifar nan."

Direba ya miƙa hannu, Baba ya tare shi, ko waiwayowa bai yi ba.

"Malam, bar ta ta kai ƙarshe. Saboda muryar nan na je har Kano neman aure."

Direba ya janye hannunsa, waƙar ta ci gaba har ƙarshe.

Yau duk su biyun sun rasu. Waƙar tana cikin wayata, kuma in na kunna ta, wurin tsagewar nake jira.