Babban Yatsan Ladina

A bakin ƙofar ofishin inshora Seraina Caduff ta zare babban yatsan Ladina daga baki, ta goge shi da gefen rigarta, ta cusa hannun cikin safar sanyi. Sannan ta ja wa tagwayen nata kunne, Ladina da Flurin: a cikin ofishin nan ba a magana, ba a gaida kowa.

Gobe za su cika shekara uku. A ƙa'idar kamfanin, yaron da bai kai uku ba ana yi masa inshorar haƙori da araha, ba sai likita ya leƙa bakinsa ba. Da ya kai uku kuwa, sai an leƙa. Duk wanda ya leƙa bakin Ladina ya san inda aka dosa, don haƙoran gaba sun fara turo leɓe kamar na zomo. Gyaran irin wannan haƙori a Suwizalan, in ba inshora, sai mutum ya sayar da motarsa. Seraina ko keken kirki ba ta da shi.

Ofishin ɗaya ne tal a garin, ma'aikacinsa ma ɗaya, Mista Bieri. Mu mutanen kwarin nan muna son ƙa'ida, amma shi har tsokanarsa ake yi cewa ita ya aura. Yau idanunsa sun yi ja don rashin barci, ga ɗigon kunu a wuyan rigarsa, amma zamansa a kujera kamar an auna da ma'auni.

"Barka da hantsi, Madam Caduff. Kin ɗauki lambar layi?"

Ba kowa a ofishin sai su. Ta ɗauki lamba, ta zauna. Ya danna maɓalli, lambar ta fito a allo, ya ɗaga kai yana neman mai ita.

Ladina ta miƙa masa hannu biyu. Ya nuna mata jan layin da ke ƙasa, wanda baƙo ba ya tsallakewa. Flurin ya buɗe baki zai yi magana, uwar ta toshe shi da gutsuren burodi.

Aka shiga tambayoyi. An taɓa kai ɗayansu asibiti? Ta ce a'a.

"Ƙwayar waken da aka ciro daga hancin Flurin ranar bikin sauko da shanu daga dutse fa?"

"Wake ba ciwo ba ne, ranka ya daɗe."

Ya rubuta wake. Ya gyara tabarau.

"Akwai mai tsotson yatsa?"

"Babu."

Ya dubi safar da ke hannun Ladina. Ofishin da ɗumi kamar gidan burodi, kuma hannu ɗaya ne kawai da safa.

"Na hagu," in ji shi. "Da zarar an kashe fitila."

Haka garinmu yake, ba abin da ke ɓuya. In ka yi atishawa a ɗakinka, mai sayar da cuku zai tambaye ka jiki da safe. Seraina ta haɗiye fushinta, ta sassauta murya.

"Ai kamfani bai gani ba."

"Ni ne kamfani, Madam, har ƙarfe goma sha biyu."

Ya juyo mata da allon kwamfuta ta ga farashin masu tsotson yatsa. Ta yi wata dariya wadda ba daɗi a cikinta.

"Wa zai iya biyan wannan?"

"Wannan kuma matsalar uban yaran ce. Yana aiki?"

"Yana yi. Wasu marowata ne ke tatsar sa, albashin ko kaza ba zai riƙe ba. Shi ne ma ya turo ni. Wai in zo yau, mutumin ofishin yana da kirki."

"To bai san aikin ba ne," in ji Mista Bieri. "Ki ba shi haƙuri."

Nan ta ajiye girman kai ta roƙe shi. Kalma ɗaya ce, ya rubuta babu, shi ke nan. Yarinya ce, za ta shiga makaranta, ya san abin da yara ke yi wa mai haƙora a waje. Ba wanda zai sani, ba wanda zai tambaya.

Ya ɗauki alƙalami. Ya sauke shi a hankali, har bakin alƙalamin ya taɓa takarda. A daidai lokacin Ladina ta ciza safar ta fizge ta, ta jefa yatsan a baki, ta sakar masa murmushi da haƙoran nan duka a waje. Ya daɗe yana kallonta. Ni dai na rantse tausayi ne ya cika masa ido, har sai da ya cire tabarau ya goge. Sannan ya mayar da shi, ya rubuta akwai, ya buga hatimi, ya yi musu godiya da ziyara.

Seraina ta ja yaran suka fito. Ta tsaya a gefen titi, hawayen takaici na zubo mata, ga motar haya ta wuce, wata kuma sai bayan azahar.

Ƙararrawar coci ta buga sha biyu. Mista Bieri ya fito, ya kulle ofis, ya murɗa hannun ƙofar ya tabbatar. Ya kwance maɓallin wuya, ya tsuguna, ya ɗauki Ladina ya ɗora a kafaɗa, ya shafa kan Flurin. Sannan ya dubi Seraina, fuskarsa cike da fata.

"Yaya, masoyiya, mutumin ya karɓi yaran namu kuwa?"