Fitilar da Ba Ta Kashe Ido

Yuguda ya sake yanka gwangwanin madara, ya lanƙwasa shi, ya ɗora a kan waɗanda ya jera wa fitilar ƙwai, wani bisa wani kamar ɓawon albasa. Matarsa Fanta na riƙe masa almakashi.

Shekarar sanƙarau ce, ta kafin fari ko ta bayansa, Allah ne masani. Cutar ta bi ƙauyukan Tsanyawa gida-gida a tsakiyar bazara. An kwantar da marasa lafiya a wani aji na firamare, an toshe tagogi da tabarmi, domin mai sanƙarau yana jin haske a ido kamar barkono.

'Yarsu Sakinatu na cikinsu. Da an kawo fitila sai ta sandare tana ihu. A duhu kuma Basiru malamin asibiti ba ya ganin jijiyar da zai sa mata ruwa.

Yuguda zanen gine-gine ya karanta a Zariya. Ya ce zai haɗa fitilar da haskenta zai sauka kan hannun mai allura, bai taɓa idon majinyaci ba. Ma'auninsa ɗaya ne: ya rufe ɗaki, ya zura mata ido. In ya ji zafi, to ba ta yi ba.

Ta shekaranjiya kowa ya ce ta yi. Shi ya ce da saura. Ta jiya ma haka, har ya ƙara mata rufi.

"Malam, mu kai ta haka mana," in ji Fanta. "Yarinyar nan ko koko ba ta iya haɗiya."

"In kai mata abin da ni ma yake kashe mini ido?" Bai juyo ba. "Sunkuyon nan duk ya riƙe mini ƙeya. Jawo ƙofa."

Ta jawo. Ɗakin ya yi duhu, sai siririn hasken rana ta ƙarƙashin ƙofa. Daga maƙwabta ta jiyo kukan mata ya tashi, an sake yin rashi. Ta lalubo ashana tana salati.

"Wayyo, Fanta, rage ta!" Yuguda ya dafe idanu da hannu biyu, gumi na tsiyaya. "Wannan ta fi ta jiya muni. Rage lagwanin, ki rage!"

Fanta ta tsaya cak tana kallon mijinta. Ashanar na hannunta, ko ƙyastawa ba ta yi ba.