Fulogi a Baki

Kwalbar giyar ta wuce gefen talabijin ta fashe a bango. Orval Tackett bai taɓa kuskuren jifa ba sai da tsufa ya zo, wannan ma ya ƙara masa haushi.

Shirin nan ne na 'yan babur, *Jinin Kwalta*, wanda duk garin Bakersfield ke zama a gabansa ranar Laraba. Orval yana kallonsa ne don ya zagi yaran da ke riƙe babur kamar masu tura keken jarirai. Yau kuwa abin da ya gani ya fi ƙarfin zagi. A cikin shirin an kai wani maci amana hamada, an tona rami, kafin a tura ƙasa sai shugaban ya cire fulogin babur ɗin mamacin ya cusa masa a baki, wai don ko a lahira kada ya ƙara tayar da inji ko magana.

Ba ƙirƙira ba ce. Haka ƙungiyarsu ta 'yan babur, Dilolin Hamada, ta yi wa Ricky Voss tun Orval yana da baƙin gashi, kuma mutum uku ne a bakin ramin: Orval, da amininsa Lonnie Pruitt, da wani da ya daɗe a kabari. Sunan marubucin ya hau allon, wani wai shi Gil Sorensen. Orval ya tofar da yawu. Da ɗan gari akan ci gari, ai lissafin ba shi da wuya: Lonnie ne ya sayar masa da labarin.

"Shi ya sa na ga Lonnie da sabon babur!"

Matarsa Darlene tana share kwalba ta ce, "Filin uwarsa ya sayar, Orval. Ai ya sha faɗa maka."

"Bai taɓa faɗa mini ba!"

Ta ci gaba da shara.

Yanzu ne komai ya fito masa fili. Lonnie ne ke kai shi asibiti wankin ƙoda, ya zauna kusa da shi har a gama. Kwanan nan kuwa ya koyi wani rashin kunya: da Orval ya fara hira da mutane sai ya katse shi, ko ya taka masa ƙafa, ko ya ƙure ƙarar talabijin. Ashe raini ne na wanda ya riga ya sayar da kai. Mutumin da suka yi zaman kurkuku ɗaki ɗaya, wanda ya riƙe masa zobe ranar aurensa! Baƙin ciki ya hana Orval cin abinci.

Taron ƙungiya, wanda suke kira zuwa coci, ranar Juma'a ne a bayan garejinsu. Orval ya sauka daga shugabanci tuntuni, amma shi ya kafa Diloli, idan ya miƙe kowa zai yi shiru. Ya miƙe da sandarsa ya zayyana komai. Ya ce 'yan sanda ma suna kallon talabijin, kuma kisan kai ba ya tsufa. Ya ce doka ɗaya ce shi ya rubuta ta: wanda ya yi magana da bare, ko waye shi, a tuɓe masa rigar fatar ƙungiya, a shafe zanen dila na tawada da ke bayansa, kada ɗan'uwa ya ƙara gaishe shi ko ya je jana'izarsa.

"Baki shi ke yanka wuya," in ji shi, ya nuna Lonnie da sanda.

Sabon shugaban, Cade, ya ce, "Kawu Lonnie, ka ce wani abu mana. Ka ce ƙarya ne, mu tashi mu sha giya."

Lonnie ya kalli Orval. Ba kallon mai tsoro ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Orval rai.

"Ko waye shi, ka ce?"

"Ko ubana ne!"

"To ni ne," in ji Lonnie.

Ya cire rigar fatar da hannunsa, ya ninke ta don kada ta taɓa ƙasa, ya ajiye a tebur. A nan take suka kwantar da shi rub-da-ciki. Mai zane ya bi dilan da ke bayansa da baƙin tawada har ya zama wani ƙaton tabo. Da Lonnie zai fita ya tsaya kusa da Cade ya ce, "Ranar Litinin da safe Orval yake zuwa asibiti. Wani ya zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai."

"Munafuki!" Orval ya daka masa tsawa. "Fita!"

Ranar Litinin babu Dilan da ya zo, kowa da uzurinsa. Darlene ta sauke shi ta wuce wurin aiki. Aka jona masa robobi, injin ya fara juya jininsa, kujerar Lonnie tana nan wayam. Zuciyarsa na tafasa, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Sai ga mutumin kirkin nan mai tabarau da ke kawo mahaifiyarsa, wanda Orval ke manta sunansa kullum. Ya jawo kujerar ya zauna.

"Yau ina abokin naka, Mista Tackett?"

"Ba ni da aboki. Ka san yadda muke yi wa maci amana a da? Na taɓa ba ka labarin fulogi?"

"Ka sha ba ni, amma ƙara mini," in ji Gil Sorensen, ya kunna ɗaukar magana a wayarsa, ya matso da ita kusa da bakin tsohon.