Yaya Ya Rame

"Kin jefar mana da Yaya kamar tsumma!" Sadisu, ƙanin mijin Juwairiyya, ya daka mata tsawa a gidan kula da masu ciwon mantuwa na Lugbe.

Ta ja tsaki. Shekara da shekaru ita kaɗai ke wanke wa Malam Sale kashi da fitsari, Sadisu ko leƙowa bai taɓa yi ba.

Ya rungume tsohon da ke kan keken guragu yana sharɓar kuka, matarsa na ɗaukar hoto. "Dubi yadda ya rame! Ko gane ni bai yi ba!"

"Ina zai gane ka?" in ji Juwairiyya. "Wannan Oga Okon ne, mutumin Kalaba. Ga yayanka can bakin taga, yana kallonka."