Littafin Madam Patricia

Tawfiq ya rubuta dokoki uku a tafin hannunsa da biro: kar ka katse, kar ka yi zato, kar ka taɓa waya. Zufa ta riga ta cinye ta biyun.

Masanin ƙididdiga ne kuma kwansoltan a wani ƙaramin kamfanin ba da shawara a Gwagwalada, hawa na biyu, tsallaken titin asibiti. Lissafi kam ya iya. Bakinsa ne matsalar. Mutum uku suka kawo aiki a wata guda, duk ya cika su da bayani kafin su zauna, suka tafi ba su dawo ba. Jiya Oga Obadiah ya ce masa, "Gobe Madam Patricia za ta zo, mai binciken hawan jini a tsakanin manoman Yangoji. In ta kuɓuce, ka bi ta."

Matarsa na da cikin wata takwas. Don haka ya kwana yana koyon yin shiru.

Goma saura kwata wata mata ta hawo bene tana haki, rungume da littafi.

"Kai ne kwansoltan?"

"Ni ne, Madam. Zauna. Me ke damun ki game da alƙaluman?"

Kamar jira take. Ta buɗe littafin: lambobi bibbiyu a jere, safe da yamma, wata uku cur. Ta ce kullum hawa suke. Ta ce ko barci ba ta yi. Tawfiq ya gyaɗa kai, ya cije harshe har ya ji gishiri.

"Wa ya ɗauki awon?"

"Ni da kaina, oga."

Mai bincike ta gaske, ya ce a ransa. "Nan fa da babu komai?"

"Batir ne ya mutu."

Wayarsa ta yi ta rawa a aljihu. Ya dubi tafin hannunsa, ya ƙyale ta. Sakatariya ta leƙo tana nuna ƙasan bene, ya kore ta da ido. Yau ko gobara ce sai ta jira.

Ya maimaita wa matar maganarta daki-daki, yadda ya koya daren jiya. Idonta ya ciko. Ta ce wurare huɗu ta je, ba wanda ya saurare ta haka. Tawfiq ya ji aikinsa na dawowa jikinsa kamar an kawo wuta.

Sai ta ɗora yatsa a kan wata lamba, ɗari biyu da goma. "Wannan ce take ba ni tsoro."

Nan fa aka zo gidansa. "Wannan bare ce a cikin 'yan'uwanta, Madam. Kuskuren awo ne. Mu irin wannan cire ta muke yi. Ki manta da ita kawai."

Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah. Shi ma ya gode, a ɓoye. Ta taga ya hango wata mata mai jakar kwamfuta tana buga ƙofar mota da fushi, ya tausaya wa duk wanda ya ɓata mata rai.

Ya raka baƙuwarsa bakin bene. "Sai mun ji daga gare ki, Madam Patricia."

"Lucia ne sunana, Likita," ta ce. "To maganin hawan jinin nawa, tunda ka ce ba komai, in daina sha ke nan?"