Allurar Gawayi

A kwana na tara da guduwarsu daga sansanin fursunoni na Ostireliya, wani tsoho da wani saurayi suka hango hayaƙi. Saurayin ya ruga, a zatonsa sun isa ƙasar Sin, wadda aka ce musu ana isa da ƙafa, a samu jirgin ruwan zuwa ƙasarsu Ayalan. Sai ya gane turken bulala. Sansaninsu ne, ashe zagaye suka yi.

Ya dawo ya fizge takardar tsohon, mai hoton kamfas, na'urar nuna alƙibla, da aka zana da gawayi.

"Baba, na gaske allurarsa motsi take yi. Wannan zane ne kawai."

"Ai ni na zana, ɗan nan."

"Bulala ɗari ke jiranmu."

"Na sani. Amma shekara shida rabon da ƙafata ta je inda na ga dama."

Tsohon ya karɓi takardar, ya juya ta, allurar ta nuna daji.

"Ka ga ta motsa. Za ka?"